Numfashin Darakta

Kifin yana can saman ruwa ya kafa baki yana haɗiyar iska lokacin da Inna Tela ta turo ƙofar falon da gwiwar hannu, kofin shayi a hannunta, tef ɗin awo na reto a wuyanta. Ta tsaya cik. Sati biyu ke nan kullum da safe tana ƙetaro barandar benen ta ba shi abinci, tun ranar da aka sauko da maigidan, tsohon maƙwabcinta, a kan kujera aka wuce da shi asibiti, kuma ba ta taɓa ganin kifin a haka ba. Da ya ji motsin ƙofa yakan taho gaban gilashi yana kaɗa jela, ja jawur da shi, tsawonsa ya kai tafin hannu. Yau ko kallonta bai yi ba.

Sai a lokacin ta lura da tankin kansa. Gilashin ya yi fes, tsakuwar da ke ƙasa da ta sani launin toka ta koma fara sol, ruwan garau kamar babu shi. Ɗan injin da ke hura iska a ciki yana tayar da kumfa ya yi shiru, wayarsa a naɗe tsaf a gefe. Falon gaba ɗaya ƙamshin asibiti yake yi.

“Auta!” ta kira ƙasa-ƙasa.

Auta ta fito daga kicin da safar roba a hannu. 'Yar maigidan ce, ita kaɗai ta rage masa a raye. Nas ce a ɗakin tiyata a wani gari mai nisa, jiya ta iso ta ɗauko mahaifinta daga asibiti, bayan likitoci sun ce huhun ya gama nasa aikin, gara ya koma gida kamar yadda yake roƙo. Rabonta da gidan shekara uku. Ba faɗa aka yi ba, ba komai ba, kawai hutun da ake cewa wata mai zuwa ne ya yi ta matsawa, shi kuma tsohon in aka kira shi a waya kullum amsarsa lafiya lau. Tun da ta shigo jiya ba ta zauna ba. Ta wanke labule, ta goge bayan firji, ta kankare banɗaki har sai da tayil ya canza launi.

“Ina kwana, Inna. Kin ga aikina? Tun da gari ya waye nake kansa.”

“Me kika yi masa?”

“Wanke shi na yi mana. Na sa kifin a roba, na zubar da ruwan kaf, na cika da sabo daga famfo. Inna, da kin ga soson da na ciro daga ɗan akwatin tace ruwan nan! Baƙi ƙirin, sai yauƙi. A bilic na jiƙa shi sannan ya yi haske. A ce mai ciwon huhu yana kwana gida ɗaya da wannan ƙazanta.”

“Bokitan ruwan da ke baranda fa?”

“Na zubar. Gidan sauro ne. Injin kuma na kashe, ƙararsa za ta hana Baba hutawa.”

Inna Tela ba ta san komai game da kifi ba in ba a cikin tukunya ba, amma ta tuna abin da tsohon ya faɗa mata a kan matattakala ranar da ake sauka da shi, yana haki yana riƙe da gefen mayafinta: abinci ƙwaya huɗu, kada ta kashe inji, kada ta taɓa soso, kada ruwan famfo ya shiga kai tsaye. Abu huɗu ya ce. Yarinyar ta karya uku kafin shayi ya huce. Inna Tela mace ce da magana ba ta kwana a bakinta, duk benen an shaida, amma ta dubi idanun Auta da suka kumbura, ta dubi wuyan hannunta da ya yi ja saboda wanki, sai ta kurɓi shayinta kawai.

Baba Famfo suke kiran tsohon a benen, har yara, har mai karɓar shara. Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin gwaji na ma'aikatar ruwa, yana ɗibar ruwan gari a 'yan kwalabe yana aunawa. A zamaninsu akwai wani tanki a kusurwar ɗakin da suke ajiye kifaye, ruwan da za a tura wa mutane ya bi ta kansu tukuna; in kifi ya rikice, to ruwa ba ya fita. Shekarar da zai yi ritaya aka kawo na'urori, aka ce a zubar da kifayen. Ya ɗauko na ƙarshen a leda ya kawo gida. Ya raɗa masa Darakta, wai don yana wuni yana buɗe baki ba ya cewa komai. Abokin aikina ne, haka yake gabatar da shi ga baƙi.

Ma'aikatar kuwa, a gabansa ba mai taɓa ta. Duk ranar da famfo ya kawo ruwa ja mutanen bene suka fito suna zagi, shi zai bi ƙofa ƙofa da jallabiyarsa yana bayanin cewa bututunsu ne ya yi tsatsa. Inna Tela da kanta sun taɓa yin wata guda ba sa gaisawa don ta ce ruwa yana wari. Sai da wandonsa ya yage ya rasa mai ɗinka masa sannan aka shirya.

Daga ɗakin ciki wata murya ta fito, siririya, a yanke-yanke.

“Wa... ya kashe wa... Darakta inji?”

Suka dubi juna. Inna Tela ta ajiye kofi, ta warware wayar ta jona. Kumfa ta fara tashi. Sannan ta shiga ɗakin, Auta na biye da ita.

Yana kwance an tara masa filo uku a baya, siririn tiyo a hancinsa, na'urar iskar da aka ba su daga asibiti tana gurnani a gefen gado. Sati biyu sun cinye shi. Kunnuwansa ne kawai ba su rame ba, su da idanun.

“Mai Keke,” ya ce, don haka yake kiranta saboda ƙarar keken ɗinkinta da ke ratso bango. “Ya yake?”

“Kai ya kake dai? Mutum ya dawo daga asibiti ba a gaisa ba sai kifi.”

“Ni an san nawa. Shi fa?”

Ta so ta ce lafiya, amma ba ta iya ƙarya da safe ba. “Yana sama yana haki.”

Nan take fuskarsa ta canza, ta koma ta mutumin da ke bakin aiki. Ya ɗaga yatsa ɗaya. “Je ki duba. Akwai fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa, kamar an barbaɗa gishiri?”

Ta fita ta leƙa ta dawo. “Babu.”

“Yana goga jikinsa da dutse?”

“A'a.”

“Fika-fikan... a buɗe ko a manne?”

“A manne, kamar wanda yake jin sanyi.”

“Gefen kansa, inda yake buɗewa yana rufewa. Kunnuwan. Duka biyun ke motsi? Cikin wane launi?”

Wannan sai da ta durƙusa gaban gilashi, gwiwoyinta na ƙara, ta sa tabaranta na zura allura. “Duka biyun, da sauri da sauri. Cikin ya yi ja sosai, kamar an ƙona.”

“Cikinsa ya kumbura?”

“Baba, ni fa ba likitan kifi ba ce. Cikinsa yana nan yadda na san shi, ƙato kamar na mai sunansa.”

Ya so ya yi dariya, tari ya tare ta. Auta ta matso ta gyara masa tiyo, ta shafa masa baya har ya lafa. Da ya samu kansa ya ce, “Ba tsutsa ba ce. Ba ciwo ba ne. Ruwa ne. Tsoma hannunki a ciki... ki kawo mini.”

Ta je ta tsoma hannu har wuya, ta dawo ruwa na ɗiga a kan ledar ɗakin. Ya kama yatsunta da hannunsa mai sanyi, ya janye tiyon daga hancinsa, ya shinshina sau ɗaya. Bai buƙaci na biyu ba. Inna Tela ta ga idanunsa sun tashi daga hannunta sun tafi bakin ƙofa, inda Auta ta ja da baya ta tsaya, ta ɓoye safar robar a bayanta kamar yarinyar da ta fasa kwano.

“Baba, ni ce na canza ruwan,” Auta ta ce. “Na zubar da na da duka. Ni na yi masa illa?”

Ya mayar da tiyon hancinsa. Ya ja numfashi, ya sake ja. Na'urar ta yi ta gurnaninta.

“Kin kyauta,” ya ce. “Ya daɗe yana so a canza. Mutanenmu ne... na ma'aikata. Sun zuba wa ruwa maganin kulorin fiye da kima satin nan. Yaran yanzu... ba sa awo. Da ruwan daidai yake, ba abin da zai same shi.”

Inna Tela ta saki baki. Shekara goma sha ɗaya tana maƙwabtaka da mutumin nan, ba ta taɓa zaton kunnenta zai ji wannan ba.

“Na wanke soson ma,” Auta ta ƙara. “Da bilic.”

Ya lumshe ido. Hannunsa da ke kan zanin gado ya damƙe shi har jijiyoyin suka fito, Inna Tela kaɗai ta gani don ita ke tsaye ta wannan gefen. Ya taɓa yi mata bayanin soson nan har ta gaji da ji: dattin da ke cikinsa ba datti ba ne, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da kifi ke fitarwa, kuma shekaru ya yi yana renon su.

“Dama ya tsufa,” ya ce, bai buɗe ido ba. “Cire shi ki yar. Akwai sabo a durowa. Mai Keke, kina da ruwan da ya kwana?”

“Durona cike yake, kwanansa uku.”

“Shi za a sa. Rabin tanki yanzu.”

Haka safiyar ta tafi. Yana kwance yana ba da umarni kalma biyu-biyu, su suna zirga-zirga tsakanin gidaje biyu da bokiti. A cire rabin ruwan. A ɗiga maganin da ke 'yar kwalba mai shuɗin murfi, shi ke kashe kaifin kulorin. A taɓa sabon ruwan da bayan hannu, kada ya fi na tanki sanyi. A zuba a hankali ta kan faranti, kada a firgita shi. Gishiri cokali ɗaya ƙarami. Babu abinci har sai ya ce. A rage masa haske. Inna Tela ta ɗauko ragowar wani yadi mai duhu na wata mai ɗinki da ta dame ta da waya, ta lulluɓe rabin tankin da shi, ta ce ai ita ma ta ba da tata gudummawar.

Da Auta ta fita ɗebo bokiti na ƙarshe, ya yafuto Inna Tela da yatsa.

“Kin ji abin da na ce?”

“Na ji ka zagi ma'aikatarku. Saura kaɗan in faɗi.”

“Ki riƙe shi haka. In Darakta ya mutu... ruwa ne ya kashe shi. Yarinyar nan da ƙyar take ɗauke da shekara ukun nan. Kin ga yadda take goge-goge. Kada in tafi... in bar ta da kifi a kai.”

“Wa ya ce za ka tafi?”

“Mai Keke.”

Ta sunkuyar da kai tana murɗa tef ɗin awonta. Tausayinsa ya cika mata ƙirji, da haushinsa kuma, don ya ɗora mata abu biyun da ba ta iya ba, reno kifi da riƙe baki. “To in ya rayu fa?”

“Ya fi sauƙi. Ki rayar da shi.”

Washegari Darakta yana nan a sama, amma hakin ya ɗan ragu. Baba Famfo ya ce tunda soson sabo ne, ba mai cinye guba a tankin, sai an riƙa cire kashi ɗaya cikin uku kullum ana sa wanda ya kwana, har sati huɗu, sai soson ya sake yin dattin da ake so. Auta ta jera bokitan da ta zubar a baranda, ta cika su, ta rufe kowanne da tsumma saboda sauro.

Rana ta uku ya ce shi ya gaji da jin labari, a kai shi falo. Suka shimfiɗa katifa kusa da tanki, suka jawo na'urar iskarsa, suka tallabo shi su biyu. Bai fi nauyin buhun yadi ba. Daga nan ya koya wa Auta yadda ake zuƙo ruwa da tiyo: baki ɗaya a tanki, ɗaya a bakinta, ta ja kaɗan ta saki cikin bokiti. Ta ja da yawa. Ruwan kifi ya cika mata baki, ita da ke wanke hannu sau biyu kafin ta taɓa cokali. Ta furzar, ta ruga banɗaki tana kakari. Inna Tela ta yi dariya har da riƙe ciki, tsohon kuwa kafaɗunsa kawai ke rawa, hawaye na gangarowa kan tiyon hancinsa.

“Ranar farko a ma'aikata,” ya ce da ta dawo tana goge baki, “ni ma haka na sha. Yanzu kin zama ma'aikaciya.”

Auta ta zauna a gefen katifar. Inna Tela ta lura wannan ne karo na farko da ta ga ta zauna tun zuwanta. Ya ɗora hannu a kan nata, suka zuba wa kifin ido. Inna Tela ta tattara bokitinta ta koma wurin kekenta, ta taka shi a hankali don kada ƙarar ta ratsa bango.

Laifin abin da ya biyo baya na Inna Tela ne, kuma ta amsa. An ce ta riƙe magana, ita kuwa sai ta riƙe ta da ƙarfin da ya wuce kima. Matar gidan ƙasa ta tambaye ta a kan matattakala me ya sami kifin Baba, ta ce kulorin ne ya yi yawa a ruwa, Baba Famfo da bakinsa ya faɗa. Kafin yamma duk benen sun daina shan ruwan famfo. In dai Baba Famfo ne ya ce ruwa ba kyau, ai magana ta ƙare. Zuwa rana ta huɗu zancen ya fita titi.

Da la'asar ɗin ranar sai ga Dogo. Tsohon abokin aikinsa ne, tebur ɗaya suka yi shekara ashirin, kuma har yanzu yakan leƙa ma'aikatar su sha hira da yaran da ya koya wa aiki. Ya sunkuyo ta ƙofa, ya gaishe da maras lafiya, ya zauna a bakin kujera yana juya hularsa a hannu. Da gani akwai abin da ke cinsa. Auta na kicin tana dafa masa shayi, ƙofar a buɗe.

“Famfo,” ya ce a ƙarshe, “na ji wata magana ban yarda ba. An ce kai ka ce mun zuba magani fiye da kima.”

“Na ce.”

“Haba. Ɗazu na je da kaina na buɗe littafin awo. Satin nan ko ɗigo bai haura ba. Yaran nan ransu ya ɓaci, sun ce in wani ne ba komai, amma kai?”

Ƙarar cokali a kicin ta tsaya.

“Dogo,” tsohon ya ce, “dubi Darakta da kyau.”

Dogo ya juya ya dubi tankin. Ya dubi tsakuwar da ta yi fari, ya dubi sabon soson da ke haske ta cikin akwatin tacewa, ya dubi labulen da aka wanke da ƙasan da ke ƙyalli. Sannan ya dubi ƙofar kicin. Shi ma mutumin ɗakin gwaji ne, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya yi gyaran murya, ya mayar da hularsa kai, ya sake cire ta.

“E to,” ya ce da ƙarfi, yana kallon silin, “yanzu na tuna. Ranar Talata an ɗan samu kuskure. Ba a rubuta a littafi ba ne. An gyara yanzu, mutane su ci gaba da sha.”

“Yaran yanzu,” in ji Baba Famfo.

“Wallahi kuwa. Ba sa awo.”

Auta ta shigo da tire, ta ajiye shayin a gaban baƙon, ta ce a sha lafiya. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Inna Tela ta bi ta da kallo tana neman alama, ba ta samu ba.

Rana ta biyar Darakta ya sauko tsakiyar ruwa. Ya buɗe fika-fikansa, ya zagaya dutsen da ke tsakiya sau ɗaya a kasalance. Baba Famfo ya daɗe yana kallonsa. A ranar ya daina karɓar komai sai ruwa a cokali, magana kuma sai an kai kunne bakinsa.

“Jan ya ragu?” ya tambaya.

Auta ta leƙa. “Ya ragu, Baba.”

“Nan da kwana uku... ku ba shi ƙwaya biyu. Kada ku ji tausayinsa... ku ƙara.”

Rana ta shida da hantsi Inna Tela ta shigo da bokiti kamar kullum. Rana ta shigo ta tagar falon ta kwanta a kan katifar. Auta na zaune ta riƙe wuyan hannunsa, idonta a kan agogon da ke maƙale a rigarta. Ta ɗago ta girgiza kai kaɗan. Inna Tela ta ajiye bokitin a bakin ƙofa ta zo ta durƙusa ta ɗaya gefen. Numfashinsa yana zuwa ya tsaya, ya daɗe, ya sake zuwa. Idanunsa rabi a buɗe suna fuskantar tankin. Auta ta sunkuya tana yi masa addu'a a kunne. Ya ja wani numfashi mai tsawo ya sake shi, suka jira na gaba, bai zo ba.

Auta ta ƙara minti guda tana riƙe da hannun, kamar yadda aikinta ya koya mata. Sannan ta rufe masa ido, ta zare tiyon daga hancinsa, ta miƙa hannu ta kashe na'urar. Inna Tela ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Allah ya jiƙan maƙwabci, ta yi ta maimaitawa, Allah ya jiƙan maƙwabci.

Kwana biyu gidan cike da mutane. Inna Tela ta zama mai gadin tanki, tana kore masu ƙwanƙwasa gilashi da masu son jefa masa ɓarɓashin burodi, tana canza ruwa a gaban masu gaisuwa ba tare da ta nemi afuwar kowa ba. Dogo ya zo ya tsaya gaban kifin ya daɗe, ya fita yana goge ido da hula.

Safiya ta uku ta turo ƙofa ta tarar da falon wayam, an naɗe katifar an jingine ta a bango. Auta na zaune a ƙasa gaban tankin, gwangwanin abincin kifi a cinyarta.

“Kin tashi lafiya, 'yata? Ya haƙuri?”

“Da godiya, Inna.” Ba ta juyo ba. “Ƙarya ya yi mini, ko?”

Inna Tela ta buɗe baki za ta ambaci ranar Talata, ta ga ba za ta iya ba. Ta ajiye bokiti ta zauna kusa da ita, gwiwoyinta na ƙara. “Yaushe kika gane? Ranar da Dogo ya zo?”

“Tun ranar farko. Inna, da bilic nake aiki kullum. Na san abin da yake yi wa abu mai rai. Ina gama faɗa na ji abin da na faɗa.”

“To me ya hana ki magana?”

“Kin ga yadda ya yi kafin ya shirya ta? Numfashi huɗu ta ci masa, na ƙirga. Mutumin da bai da na banza.” Ta goge hanci da bayan hannu. “Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai a kaina. Sai in ƙi karɓa?”

Inna Tela ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta, suka yi kukansu kaɗan. Can ta ce, “In za ki tafi ki bar mini shi. Na iya yanzu. Zan matsar da keke in samar masa wuri.”

“Sai soson ya yi datti. Sati huɗu ya ce. Na kira wurin aiki jiya na faɗa musu.”

“Suka yarda?”

“Ban tambaye su ba.”

Ta buɗe gwangwanin, ta ƙirgo ƙwaya biyu a tafin hannunta, ta ɗaga murfin tankin ta saka su a saman ruwa. Suka yi ta yawo a gefen kumfa. Darakta yana can ƙasa bayan dutse. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya taso a hankali, ya zagaya ƙwaya ɗaya, ya haɗiye ta, ya furzar, ya sake haɗiyewa. Auta ta ciro agogonta ta matso da fuskarta kusa da gilashi, tana kallon gefen kansa yana buɗewa yana rufewa, leɓɓanta na motsi tana ƙirgawa.